Gigin da Aka Laƙa wa Inna

Alƙali ne ya yi mata wannan ƙagen, ba wani bare ba. Ɗanta na fari, wanda ta goya har kafaɗunta suka yi kanta, shi ne ya bi dangi da maƙwabta yana raɗa musu wai Inna ta fara gigin tsufa. Kada ku ji an ce Alƙali ku ɗauka wani babba ne mai zaman kotu. Mai gyaran firji ne. Tun yana ɗan mitsitsi aka laƙa masa sunan, don ko kaji biyu ya tarar suna faɗa sai ya tsaya ya yanke musu hukunci, bai ji ta bakin ko ɗaya ba. Ya girma, ya tara gemu, ya ajiye iyali, amma halin yana nan daram.

To ga yadda abin ya faru, kowa ya auna da kansa.

Inna tana da rumfa a kasuwa, a layin masu kayan ɗinki. Zare, allura, maɓalli, almakashi, duk abin da tela zai nema yana wurinta, kuma ko ido rufe ta san gwangwanin da kowanne yake ciki. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta kuma ɓoye wa kowa. Tun rasuwar maigidanta suke zaune su biyu da autarta a saman wani gidan bene, da ɗan kicinsu wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi gefe. Ita Auta, ko da yake ta ba talatin baya, ba wanda ya daina kiranta Auta. A ɗakin gwaji na asibiti take aiki. A kawo jini ta duba, a kawo wani ta duba, daga safe har yamma.

Da ta gaji da dubawa kawai, sai ta nemi irin karatun nan da ma'aikata ke komawa su ƙaro bayan digiri. Jami'o'i biyu suka ɗauke ta, aka ce ta zaɓi ɗaya.

"Inna, duka biyun a kan ƙwayar halitta ne," in ji Auta, ranar da ta zauna yi mata bayani suna cin abincin yamma. "Wato ɗan ƙanƙanin abin nan da aka gina jikin duk mai rai da shi, mutum ne ko dabba ko tsiro. Ido ba ya ganinsa."

"Ido ba ya ganinsa, ke kuma shi za ki je ki karanta?"

"Da na'ura ake gani. Na farkon a nan garin yake, da yamma ake shiga aji bayan an tashi aiki. Na tsirrai ne, yadda za a gyara iri ya jure fari, ya jure ƙwari. Karatu ne mai kyau, sai dai yawancinsa a kwamfuta ake yi." Ta kai loma, ta tauna, ta haɗiye.

"Na biyun fa?"

Auta ta ajiye cokali. "Na biyun, Inna, da hannunsa mutum zai yi. Za a ba shi ƙwayar cuta ya yi kiwonta a kwalba, ya ciyar da ita, ya san ɗumin da take so da abin da ke kashe ta, sannan ya raunana ta a haɗa allurar rigakafi da ita. Akwai wani tulun ƙarfe da suke da shi, wallahi ya fi ni tsawo..." Ta miƙe tsaye tana nuna tsawon tulun da hannu. Ta yi ta zuba, ta yi ta zuba, har abincinta ya sandare a faranti. Can ta zauna, muryarta ta yi ƙasa. "Amma fa a wani gari ne, wuni guda a mota. Sai na tare can shekara guda. Asibiti sun ce za su ba ni hutun karatu."

Inna ta zuba mata ido. Ta dai ga karatun da aka yi bayaninsa ana tauna, ta kuma ga wanda aka yi bayaninsa a tsaye. Ta kwashe kwanuka ta kai kicin.

Washegari a kasuwa, Mai Labule, wadda rumfarta ke jikin ta Inna, abokiyar tsokanarta tun suna da sauran ƙarfi, ta leƙo ta ce, "Wai ni kam me 'yar taki za ta ƙara karantawa ne? Karatun bai ishe ta ba?"

Inna ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Ƙwaya."

Duk layin ya juyo. Sai Mai Labule ta dafe ƙirji. "Ƙwaya? Sha za ta koyo ko sayarwa?"

Layin ya kwashe da dariya. Wani tela da ya zo sayen zare ya ce in ta gama a tuna da shi, bacci yake nema. Inna ta san akwai wata kalma da ke bin bayan ƙwayar nan, ta lalube ta a kanta sama da ƙasa, ta ƙi zuwa. Ranar ko canji da ƙyar ta iya ba mutane, don takaici.

A hanyar gida kalmar ta faɗo mata. Halitta. Inna ta rantse ba za a ƙara yi mata dariya a kan karatun 'yarta ba. Sai ta kama bita. Tana shara tana yi, tana wanke-wanke tana yi, tana hawan bene tana yi: "Ƙwayar halitta, ta tsiro, ta nan garin. Ƙwayar cuta, ta allura, ta can nesa." Da bakinta ya saba, sai ta fara shirya amsar da za ta watsa wa Mai Labule, da murya da hannu da harara, yadda in ta sake ta ba mai ƙara tari a layin.

Ana cikin haka firjin gidan ya fara gurnani, Auta ta kira yayanta. Alƙali yana da makullin gidan. Ya buɗe ya shigo da jakar kayan aikinsa ba sallama mai ƙarfi, ya tarar da mahaifiyarsa a tsakiyar falo, tsintsiya a hannu, ta nuna labulen taga tana faɗa:

"Ke Mai Labule, buɗe kunnenki! Ƙwaya iri-iri ce! Akwai ta halitta, akwai ta cuta, ni kuwa ta allurar nake so!"

Yanzu don Allah, ɗan kirki me zai yi? Ai sai ya ce, "Inna, da wa kike?" Shi ke nan, da magana ta ƙare a nan, an yi dariya an tashi. Amma ina! Alƙali ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi uwar, ya dubi labulen, ya yanke hukunci. Ya gaishe ta a sanyaye, ya durƙusa bayan firji ya yi abin da zai yi, ya fita idonsa ja. Inna har tana cewa a ranta iskar firjin ce ta shigar masa ido.

Daga ranar gidan ya canza. Wuƙar kicin ta ɓace, wuƙar da Inna ta yi shekaru tana wasa ta da hannunta. Ashana ta koma can saman kabad. Matar Alƙali, yarinyar kirki wadda da sai an yi mako ba a gan ta ba, ta koma zuwa kullum, wai hanya ce ta biyo da ita, ta zauna tana yi wa Inna magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai kiran wani daga tsallaken titi. Auta kuwa sai ta bugo waya daga wurin aiki: "Inna, kin ci abinci? Kin kashe wuta? Kin rufe famfo?"

"Ke, ni da famfon nan wa ya girmi wani?"

Sai wata yamma Auta ta zauna gaban abinci tana juya cokali, ta ce, "Inna, na yanke shawara. Na nan garin zan yi. Kafin ƙarshen mako zan tabbatar musu."

"Tulun ƙarfen fa?"

"Ai tsirrai ma abu ne mai amfani. Mutane sai da abinci."

"Ban tambaye ki amfanin tsirrai ba."

"Inna, ci abincinki. Kin sha ruwa kuwa yau?"

Inna ta dube ta. Yarinyar da ta miƙe tsaye tana auna tulu da hannu, ga ta zaune kamar an jiƙa ta an shanya. Wani abu ya faru, amma ba wanda zai gaya mata.

Da gari ya waye ta tafi kasuwa da haushinta, ta ce yau dai ko ba komai za ta sauke wa Mai Labule kayanta. Ta jira layin ya cika, ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

"Ke Mai Labule, buɗe kunnenki! Ƙwaya iri-iri ce. Akwai ƙwayar halitta, wadda aka gina ki da ita har da wannan bakin naki. Akwai ƙwayar cuta, wadda ake kiwo a kwalba a haɗa rigakafi. Wannan 'yata za ta karanta, ba irin wadda danginki ke haɗiya ba!"

Ta tsaya tana jiran martani. Ta shirya wa ashar, ta shirya wa shewa. Sai ta ga idon Mai Labule ya ciko da ƙwalla. Matar ta taso a hankali, ta kama hannunta, ta ce da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, "Sannu. Sannu kin ji. Zauna. Kin gane ni kuwa? Ni ce fa, Mai Labule."

"Na gane ki mana, da wannan haƙorin naki da ya yi gaba ya bar 'yan'uwansa! Wai me ya same ku ne duka?"

Mai Labule ta saki hannun. Ta ƙura mata ido. "Ke, lafiyarki ƙalau!"

"Da wa ya ce miki ba ƙalau nake ba?"

Nan fa magana ta fito. Alƙali ya je gyara wa Mai Labule firji, ya ja ta gefe ya ce ta riƙa sa ido a kan Inna a kasuwa, don ta fara gigi: ya same ta tana faɗa da labule tana kiran ƙwaya da allura. Ya gaya wa kawunsa, ya gaya wa goggonsa, ya gaya wa mai gidan da su Inna suke haya. Ya kuma zaunar da Auta ya ce mata ba yadda za a yi ta tafi wani gari ta bar tsohuwa a wannan hali.

Inna ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta ja ƙyauren rumfa, ta ce wa Mai Labule, "Ki sa ido a kan zare, tunda sa ido aka ɗauke ki aiki." Ta tari mota sai asibiti.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen wani dogon baranda. Akwai 'yar taga inda ake miƙa kwalaben jini, akwai ƙofa da aka yi wa rubutu da jan fenti. Inna ba ta karatu, don haka rubutun bai shafe ta ba. Ta tura ta shiga. Sanyi ya buge ta, da warin maganin goge tebur. Wata na'ura tana juya ƙananan kwalabe tana kuka, ga wani farin firji da babu ko ruwan sha a cikinsa. Auta tana tsaye cikin farar riga da safar hannu, ta juyo ta gan ta, ta kusa sakin abin da ke hannunta.

"Inna! Ya aka yi kika zo nan? Ɓata kika yi?"

"In kika ƙara tambayata ko na ɓata, sai na ɓatar miki da wannan farar rigar. Ajiye kwalbar nan ki saurare ni."

Shugabar ɗakin, wata mai furfura da tabarau, ta taso za ta yi magana, ta dubi fuskar Inna, ta koma ta zauna.

Inna ta ɗaga yatsa. "Na nan garin: ƙwayar halitta ta tsiro, ajin yamma, a gyara iri ya jure fari da ƙwari, yawancinsa a kwamfuta. Na can nesa: a yi kiwon ƙwayar cuta a kwalba, a ciyar da ita, a raunana ta, a haɗa allurar rigakafi, ga tulun ƙarfe da ya fi ki tsawo, shekara guda, asibiti sun ba ki hutu. Na bar wani abu?"

Auta ta ajiye kwalbar. Shugabar ta ce a hankali, "Ko ni ban jero shi haka ba."

"Amma Yaya ya ce ya same ki kina faɗa da labule..."

"Bita nake! An yi min dariya a kasuwa a kan karatunki, na ce ba za a ƙara ba. Shi bai tambaye ni ba, na san halinsa. Ke fa? Muna kwana gida ɗaya, muna cin abinci kwano kusa da kwano, kika kasa buɗe baki ki ce, Inna me ke faruwa? Sai ɓoye min wuƙa?"

Auta ta cire safar hannun, ta zauna a kan doguwar kujera. Dariya ta zo mata, kuka ya riga ta fita. "Tsoro na ji, Inna. Na ji tsoron in tambaye ki, ki amsa min da abin da ba shi ke nan ba."

Inna ta sauke hannu. Fushin bai tafi ba, amma ya ɗan matsa gefe.

"To ga ni, na amsa."

"Ko ba gigi, Inna, wa zai zauna da ke? Shekara guda fa."

"Zan yi kewarki. Gidan zai yi min faɗi, in dafa abinci ya yi saura. Wannan ba ciwo ba ne, kowace uwa tana yi. Amma kada ki kuskura ki ɗora min tulun ƙarfen nan a wuya, in kwana in tashi ina kallonki kina juya cokali, ina sane ni aka ce na hana ki. Ni ban hana ki ba. In tsiron kike so, ki dube ni ki ce tsiron kike so, in sa miki albarka yanzu."

Auta ta dube ta. Ba ta ce tsiron take so ba.

"Kin riga kin gaya musu?"

"Ban tabbatar ba tukuna. Kullum sai in buɗe kwamfutar in rufe. Maɓalli ɗaya ne zan danna."

"Maɓalli? Maɓalli ne ya tsare ki kwana da kwanaki? Ni da nake sayar da shi gwangwani-gwangwani? Tashi mu je."

Suka tsaya gaban kwamfutar da ke lungun ɗakin. Auta ta buɗe, ta nuna mata: wannan na nan garin, wannan na can. Inna ta sa ta maimaita, don kada a yi mata wayo da rubutu, ta kira shugabar ta zo ta shaida. Sannan Auta ta danna na can nesa. Ba ƙara, ba komai, wani ɗan koren abu ne kawai ya fito.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"To madalla. Uwa tana sayar da allura, 'ya tana haɗa allura. A je a gaya wa Mai Labule." Auta ta rungume ta, Inna ta ture ta. "Sake ni, kina warin magani. Kuma ban gama ba, akwai sauran mutum ɗaya."

Shagon Alƙali yana bakin titi, firji a ciki, firji a waje, wasu a tsaye wasu a kwance, ƙofofinsu a wangale. Yana tsugune yana ɗaure bayan wani babban firji mai murfi a sama, mai shi yana tsaye da motar ɗaukar kaya yana jira. Inna ta zo ta haye kan murfin ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Alƙali ya ɗago. "Inna! Wa ya kawo ki? Ke kaɗai kika fito?" Ya juya ga mai firjin, ya rage murya. "Yi haƙuri, mahaifiyata ce, ba ta da..."

"Ƙarasa! Ba ta da me? Ƙarasa a gabana in ji!"

Ya haɗiye sauran.

"Auta ta danna na can nesa. Da idona na gani, da shaida."

"Inna, ai ba zai yiwu ba. Ni fa don ke na yi. Na shigo na same ki kina yi wa labule..."

"Ka tambaye ni?"

"Ai abin a bayyane yake..."

"Ka tambaye ni?"

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce. Ya kara a kunne, ya yi ta saurare, fuskarsa tana sauka kamar ƙanƙara a rana. Da ya ajiye sai ya sosa gemu, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ashe bita ce. To ai alhamdu lillahi, Inna. Magana ta wuce."

"Ta wuce ina? Ka ɗauki hankalina ka zaga gari da shi kana cewa ya lalace, kamar wani tsohon firji. Ka kusa sa ƙanwarka ta zauna shekara da shekaru tana karatun da ba ta so, da sunana. Sannan ka ce ta wuce?"

Mai firjin ya yi gyaran murya. "Inna, don Allah, kayana..."

"Ɗana, yi haƙuri, ba da kai nake ba. Amma firjin nan ba ya motsi sai an yi shari'a. Ka ga wanda ya tsare ka nan."

Mutumin ya dubi Alƙali, ya jingina da motarsa, ya harɗe hannu. Masu shagunan kusa sun fara leƙowa.

Inna ta gyara zama a kan murfin. "Kai ba Alƙali ba? To yau kai ne a gaba. Wuƙata, a dawo min da ita yau, kuma in na ga an yanka wani abu da ita ta dakushe, wannan wata shari'ar ce. Kawunka, da goggonka, da mai gida, ka kira su ɗaya bayan ɗaya a gabana, ka buɗe muryar wayar in ji. Ranar tafiyar Auta, kai za ka ɗauki akwatinta a ka har tasha. Gobe kuma ka zo layin masu kayan ɗinki, lokacin da ya cika, ka tsaya gaban rumfar Mai Labule, ka faɗa da bakinka wa ya ruɗe tsakanina da kai."

"Inna, a gaban mutane?"

"A ɓoye ka faɗi na farkon? Ɗauko wayar. Fara da kawunka. Kuma kafin ka danna, dube ni nan ka ba ni amsa, mutanen nan su ji: da ka same ni ina magana da labule, me ya riƙe maka baki ka kasa cewa, Inna, da wa kike?"